Tsuntsuwar da ke yawaita ƴaƴa maza idan ta ƙoshi

A ƙasar Niyu Zilan akwai wani irin aku mai suna kakapo, wanda ba ya tashi sama, sai dai yawo a ƙasa cikin dare. A shekarar 1995 guda 51 kacal suka rage a duniya. Tun a 1989 ma'aikatan gandun daji suka soma ƙara wa matan abinci domin su riƙa yin ƙwai sosai.

Matan sun yi ƙiba, sun kuma yi ƙwai, amma sai aka tarar kusan kashi biyu cikin uku na ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe maza ne. Waɗanda ba a ciyar ba kuwa, mata suka fi yawa a cikin ƴaƴansu. Duk mai kiwo ya san wannan asara ce, domin garke da mata yake yaɗuwa.

Masana biyu a Amurka, Robert Trivers da Dan Willard, sun riga sun yi hasashen haka tun 1973. Lissafin irin na kasuwa ne. Mazan kakapo taruwa suke yi suna gasar kira, ƙalilan daga cikinsu ne ke samun matan, saura su tashi a tutar babu. Ɗa namiji jari ne mai haɗari: in ya girma ƙaƙƙarfa zai tara wa uwarsa jikoki, in ya taso a rame ko ɗaya ba za ta gani ba. Ita kuwa mace, ko yaya take, da wuya ta rasa miji. Saboda haka uwa mai ƙoshi ribarta na wajen maza, ramammiya kuma wajen mata. Ba wai tsuntsuwar ce ke zama ta yi shawara ba. Hali ne da ake gada, kuma masu shi ne zuriyarsu ta fi wanzuwa.

Da aka gane haka, sai aka taƙaita ciyarwar ga matan da ba su kai kilo 1.5 ba. A 2002 maza da mata suka zo kusan daidai, kuma a 2019 yawan tsuntsayen ya haura 200.

Sai dai kada mai tumaki ya ji wannan ya rage wa dabbobinsa dusa da harawa wai don su haifi mata. A tsuntsaye ƙwan uwa ne ke yanke jinsi, a tumaki da awaki kuwa maniyyin rago ko bunsuru ne. Tunkiyar da aka bari da yunwa, abin da ya fi kusa da ita shi ne ɓari ko ƙarancin nono.