Kalmar "Yield": Daga Biyan Bashi Zuwa Amfanin Gona

Ɗalibin sakandare a Funtua ko Malumfashi yakan gamu da kalmar Ingilishi "yield" sau uku a mako guda, kuma kowane malami da irin fassarar da zai ba ta. Malamin aikin gona zai ce ba da amfani ne, malamin tarihi ya ce miƙa wuya ne, malamin fizis kuwa ya ce saduda ce ta ƙarfe. Dukkansu sun yi gaskiya, domin ma'anonin uku tushensu ɗaya.

A tsohon Ingilishi, fiye da shekaru dubu da suka wuce, ana kiran wannan aikatau "gieldan", ma'anarsa kuwa biya. Danginsa na nan da rai a Jamusanci, inda "Geld" ke nufin kuɗi. A shekarar 991, bayan mahara 'yan Denmak sun ci Ingila da yaƙi a Maldon, sarki Ethelred ya ba su fam 10,000 na azurfa don su janye. Irin wannan gaisuwar dole ita aka riƙa kira "Danegeld" daga baya. Da Normawa masu jin Faransanci suka kama Ingila a 1066, sai kalmar "pay" ta shigo ta ƙwace aikin biyan kuɗi. Abin da ya rage wa "yield" shi ne mayar da abin da ake bin mutum, ko sakin abin da ke hannunsa.

Manomin wannan yanki ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya zuba iri da taki da gumi tun farkon damina, kamar ya ba ƙasa rance, da kaka kuma ta biya shi da masara ko auduga. Kalmar ta cika bakin malaman gona tun 1975, lokacin da aka soma Shirin Raya Aikin Gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da Bakori da Malumfashi, ya kuma yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara.

Sai dai a nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe a jarrabawa. Idan kalmar ta zo a matsayin suna, ba yawan buhunan da aka kai rumbu take nufi ba, abin da kowace hekta ta bayar ne. A ce wani ya sami buhu 30 daga hekta 3, maƙwabcinsa kuma buhu 15 daga hekta 1. Na farko ya fi tara hatsi, amma gonar na biyu ta fi biya, domin 15 ta fi 10. Wanda ya kasa rarrabe wannan zai yaba wa irin da bai cancanci yabo ba, kuma hasarar ba ta tsaya a kan maki kaɗai ba.

Wajen gina jimla, 'yar ƙaramar kalma "to" ce ke raba gardama. In babu ita, galibi bayarwa ake nufi: "The farm yielded thirty bags." In ta biyo baya, miƙa wuya ne: "The army yielded to the enemy." Wannan ta biyun ce masana fizis suka ara. Wayar ƙarfe da aka rataya wa nauyi takan miƙe ta koma yadda take, kamar yadda dokar Hooke ta nuna, har a kai matakin da za ta saduda ta ci gaba da miƙewa ba komowa. Shi ake kira "yield point". A kimistiri kuwa, kibiyar da ke tsakiyar lissafin haɗa sinadarai akan karanta ta "yields", wato ta haifar.

Saura rubutu. Harafin "i" ne ke riga "e", kamar a "field", amma "yeild" ba ta ƙarewa a takardun ɗalibai. Shuɗaɗɗen lokacinta "yielded" ne kawai.