Yadda Turawan Ingila Suke Sa wa Igwa Suna a Da

Ran nan muna karatun tarihin yaƙin duniya na biyu, sai na ci karo da igwar da ake kira "mai laba 25". Na ce wa abokina lalle an yi kuskure, don igwar da nauyinta bai wuce ƙunshin gero ba, ina za ta rushe ganuwa? Shi kuwa ya ce ai kuɗinta ke nan, fam 25. Muka yi ta gardama har malaminmu ya kore mu zuwa laburare. Ashe dukanmu mun faɗi. Ga abin da na samo.

A da, Turawan Ingila suna sa wa igwa suna ne da nauyin harsashin da take jefawa. Laba ɗaya ta yi kusan rabin kilo. Wato harsashin igwa mai laba 25 ya ɗan haura kilo 11, amma ita kanta ta fi tan ɗaya da rabi. Mutum shida ke aiki da ita, kuma tana jifa har wajen kilomita 12.

Me ya kawo wannan al'ada? A zamanin da, harsashin igwa dunƙulen ƙarfe ne kamar ƙwallo. Tun da ƙarfen iri ɗaya ne, in ka san nauyin dunƙulen, to, ka san faɗin bakin igwar. A yaƙin Watalu na 1815, sojan Ingila sun yi aiki da masu laba 6 da masu laba 9. A ƙasarmu ma, sa'ad da kamfanin Turawa ya yaƙi Bida cikin 1897, igwa mai laba 12 tana cikin kayan da suka ja.

Daga baya aka koma ƙera harsashi dogo mai tsini, sai lissafin ya rikice. Misali, mai laba 13 ta sojan doki da mai laba 17 ta fasa tankar yaƙi, duka bakinsu inci 3 ne, amma harsashinsu ya bambanta. Duk da haka ba su bar sunan ba. Mai laba 18, wadda ta fito cikin 1904, ita ce babbar igwar fage a yaƙin duniya na farko. Bayan yaƙi na biyu suka koma auna baki da milimita, kamar 105.

'Yan'uwa ɗalibai, kada mu tsallake lamba in mun gan ta a littafi. Da na gane ma'anar laba 25, jikina ya yi sanyi, don wannan ƙarfen a kan mutane yake sauka. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.