Kwamfutar 'Yan Makarantar Ingila da Abin da Take Nuna wa Yawuri

Duk wanda ya tashi a ƙasar Yawuri, in aka ce masa BBC, rediyo zai fara tunawa. Tun 1957 sashen Hausa yake shiga gidajenmu, daga cikin garin Yelwa har tungayen masunta na bakin tafkin Kainji. Ba kowa ya san cewa wannan gida ya taɓa sa sunansa a jikin kwamfuta ba, balle a ce jikarta ce take aiki yau a cikin wayar da dillalin kifi yake kiran abokin cinikinsa na Anacha da ita.

A ƙarshen shekarun 1970 kwamfuta kayan banki ce da jami'a. A 1978 talabijin na BBC ya nuna wani shiri a kan 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ake kira cip, wanda ya tayar wa mahukuntan Birtaniya hankali, domin ya nuna musu Amurka da Japan na shirin barin su a baya. 'Yan kasuwa ma suka motsa. A 1980 Clive Sinclair, wani mai ƙere-ƙere a birnin Kambirij, ya fito da ZX80 a kan fam 99.95. Ba ta da allo, sai a jona ta da talabijin na gida. Ba ta da ma'adana, sai a adana aiki a kaset, irin wanda muke sauraron wa'azi da waƙa da shi. Bayanta ZX81 ta zo a 1981 a kan fam 69.95, sannan ZX Spectrum mai launi a 1982, wadda aka sayar da fiye da miliyan 5.

Araha ce ta shigar da su gidajen ma'aikata. Amma ni a ganina ba nan muhimmancin labarin yake ba.

BBC ta ƙudiri aniyar koya wa jama'a kwamfuta ta talabijin, sai ta ga tana buƙatar na'ura guda wadda mai kallo zai gani a shiri ya kuma same ta a kanti. Wani ƙaramin kamfani mai suna Acorn, wanda Chris Curry da Hermann Hauser suka kafa a Kambirij a 1978, shi ya ci kwangilar. Injiniyoyinsa, Sophie Wilson da Steve Furber da abokan aikinsu, cikin ƙasa da mako guda suka harhaɗa samfurin da suka nuna wa jami'an BBC. A Disambar 1981 BBC Micro ta shiga kasuwa, a Janairun 1982 aka fara shirin talabijin ɗin. An yi hasashen sayar da 12,000, aka ƙare da fiye da miliyan ɗaya da rabi.

Gwamnati ba ta tsaya kallo ba. Ma'aikatar masana'antu ta ɗauki nauyin rabin kuɗin kwamfuta ga makarantar da ta kawo ɗaya rabin, da sharaɗin za a tura malamai su sami horo. Ma'aikatar ilimi kuma ta gudanar da wani shiri daga 1980 zuwa 1986 na horar da malamai da tsara darussa. Na'ura da littafi da shirin talabijin da malamin da aka koya wa, duka suka iso tare. Kafin shekarun 1980 su ƙare, kusan kashi 80 cikin ɗari na makarantun ƙasar suna da ita.

Ga kuma yadda na'urar take. In ka kunna ta, ba hoto ba waƙa, sai baƙin allo da wata 'yar alama tana ƙyaftawa, tana jiran umarni a harshen kwamfuta da ake kira BASIC. In ba ka ce mata komai ba, ba za ta yi komai ba. Yaro ɗan shekara goma zai rubuta layi biyu ya ga sunansa ya cika allo, daga nan ya gane cewa shi ne mai gida, na'ura 'yar aike ce. Mujallu suna buga shirye-shirye, yara suna kwafa harafi bayan harafi, in aka yi kuskure ɗaya abu ya ƙi tashi, dole a koma a nemo inda aka kauce. Wannan neman kuskuren shi ne karatun. Kuma duk wannan a cikin ƙwaƙwalwa mai kilobait 32, wadda hoto ɗaya na wayar zamani ba zai shiga cikinta ba. A cikin wannan ƙunci David Braben da Ian Bell, ɗaliban Jami'ar Kambirij, suka rubuta wasan Elite a 1984, mai duniyoyi fiye da dubu biyu.

Kasuwar ba ta daɗe ba. Olivetti ta Italiya ta ceto Acorn a 1985, Sinclair ya sayar wa Amstrad harkar kwamfutarsa a 1986. Sai dai ana cikin haka, ranar 26 ga Afrilun 1985, wani cip da Wilson da Furber suka zana ya fara aiki, suka sa masa suna ARM. Don neman araha suka yi shi mara cin wuta, kuma wannan ne ya sa masu ƙera wayar hannu suka rungume shi. Kusan duk wayar da ake kai wa mai caji a kasuwar Yelwa, zanen ARM ne a cikinta.

Nijeriya ma ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu tun 1988, aka fara da makarantun gwamnatin tarayya. A 2007 an raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci a Galadima da ke Abuja. Amma yau ɗan sakandare a Ngaski ko Shanga, sau da yawa ranar da ya fara taɓa kwamfuta ita ce ranar shirin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. A allo aka zana masa ita da alli, ya haddace sunayen sassanta, sannan aka zaunar da shi gabanta tana yi masa tambaya agogo na tafiya. Wannan abin takaici ne, kuma ya fi ciwo a ƙasar da aka tashi mutum kimanin 44,000 daga gidajensu domin madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta ba Nijeriya wuta.

Tsada ba hujja ba ce kamar dā. A 2012 wasu masana a Kambirij, ciki har da Braben ɗin nan, sun fito da Raspberry Pi a kan dala 35, da nufin maido wa yara abin da BBC Micro ta ba su. Cajar waya tana tayar da ita, ƙaramin faifan sola ya ishe ta. Abin da ya rage shi ne malamin da ya iya, kuma wanda aka biya shi albashinsa.

Akwai wani aiki da aka yi da BBC Micro wanda ya fi dacewa da mu. Domin cikar shekara 900 a 1986 da ƙidayar ƙasa da Sarki William ya sa aka yi a 1086, BBC ta yanka taswirar Birtaniya gida-gida, kowanne kilomita 4 da 3, ta raba wa makarantu. Yara suka fita suka ɗauki hoto, suka tambayi tsofaffi, suka rubuta yadda garinsu yake. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu. Yaranmu za su iya irinsa: sunayen gungunan da ruwa ya ci, yadda Gungawa suke noman albasa kafin tafki, wuraren da Sarkawa suke kama giwan ruwa da karfasa, tarihin bikin Rigata, harshen Shanga da masu jinsa suke raguwa. Waɗanda suka ga tsibiran nan da wayonsu duk sun manyanta.

In za a yi, a kula da inda Turawan suka yi tuntuɓe. A kan wani irin faifai na musamman suka adana aikin, bayan shekara goma sha biyar na'urar karanta shi ta yi wuyar samu, sai da jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto shi. Namu a ajiye shi a kwamfuta, a kuma buga shi a takarda, kwafi ɗaya a makarantar da ta yi aikin, ɗaya a fadar Sarkin Yawuri.