Mijin-ta-ce: daga ina wannan suna ya fito?

Duk wanda ya saba zaman rumfa a kasuwar Jibiya ko Ɗan Isa, ko tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ya san wannan suna. Ana cikin ciniki mutum ya ce bari ya je gida ya yi shawara kafin ya ɗauki kaya, sai ka ji an kwashe da dariya: "Ashe mijin-ta-ce ne!"

Sunan dai magana ce aka dunƙule, kamar yadda Bahaushe ya dunƙule ka-ce-na-ce da dafa-duka. Miji ne wanda bakinsa ba ya rabuwa da "ta ce". Za ka suna gobe? Ta ce a bari sai jibi. Nawa za ka sallama buhun? Ta ce kada a rage. Asali ke nan, zargi ne ga namijin da ba ya da ta cewa a gidansa. Amma yanzu mun faɗaɗa shi, har ya hau kan mai kai cefane da wuri, da mai ɗaukar yaro zuwa likita da kansa, da wanda ke shiga gida bayan isha'i ya bar majalisa. Daga nan sai tsegumi ya biyo baya, an mallake shi, an ba shi ya sha. Sau da yawa ma daga bakin danginsa maganar ke fara fitowa. Matar-ya-ce kuwa ba mu taɓa jin an laƙaba wa kowa ba, don wannan ana ganin haka ya kamata.

Yana da ƙane, wato mijin Hajiya. Shi nasa zancen kuɗi ne: Hajiya ke da shago da jari, ita ke zuwa Kano ko Kwatano saro kaya, maigida na riƙe da makulli.

A nan ne maganar ta shafe mu. Rumfuna nawa ne suka tashi da adashin uwargida, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa? Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, gidaje da dama sana'ar cikin gida ce ta riƙe tukunyarsu. A shari'a dukiyar mace tata ce, to wadda ta zuba kuɗinta a jari dole a ji ta bakinta. Nana Khadija ma, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce, da dukiyarta Manzon Allah (SAW) ya yi fatauci zuwa Sham.

Abin da muke gani a kasuwa shi ne, tsoron sunan kan sa mutum ya karɓi kaya bashi nan take a gaban abokai, ba tare da ya shaida wa mai rabin jarin ba. In canjin naira da sefa ya juya masa baya, masu bashi suka yi sallama a ƙofar gida, tumakinta da kayan ɗakinta ake fara fitarwa.