Kafin ka biya kuɗin manhajar gona, yi mata wannan tambayar

 Yanzu ko'ina ka leƙa ana tallar manhajar lissafin gona, kowa na cewa tasa ce gangariya. Ni kuwa da tambaya ɗaya nake auna su: in kaji suka fara mutuwa yau, za ta iya nuna maka haɗin abincin da suka ci, da wanda ya sayar maka da masarar da ke ciki?

A manyan masana'antu, har da masu haɗa abincin dabbobi, akwai manhajar da ake kira MES. Ba ta ofishin akanta ba ce, a bakin inji take aiki. Ita ke rubuta kayan da suka shigo, da awon kowane haɗi, da wanda ya yi aikin, da lokacin da aka gama. Kowane zubi da lambarsa, lambar kuma tana bin kayan har hannun mai saye. Kamfanoni irin su Siemens da SAP na sayar da ita, amma kuɗinta ba na mai kaji 500 ba ne. Dabarar za mu ara.

Ga dalilin da ya sa na damu da wannan lamba. A 1960, talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, aka rasa kan cutar. Sai da aka bi sawun abincinsu aka gano tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Birazil, mai ɗauke da gubar fumfuna da ake kira aflatoksin. Wannan guba tana kama masara da gyaɗar da ba su bushe da kyau ba, irin waɗanda muke haɗa abinci da su. Tana lalata hantar kaza, ta rage ƙwai, ta hana kifi girma. In ba ka san buhun da ta fito ba, ko dai ka zubar da duk abin da ke sito, ko ka ci gaba da ba su guba.

To, kafin ka biya ko sisi, ka duba waɗannan:

1. Tana ba kowane zubi lamba? 'Yan tsakin da suka zo rana ɗaya, kifin kowane tafki, da kowane haɗin abinci.

2. Tana bin sawu gaba da baya? Daga kiret ɗin ƙwai ta kai ka ga buhun masara, daga buhun kuma ta nuna duk dillalin da ya ɗauki kayanka.

3. Tana aiki ba intanet? Yawancin gonaki a bayan gari suke, sabis sai a hankali.

4. Tana tuna maka rigakafin Gumboro da Lasota, da kwanakin jira bayan magani kafin a yanka ko a sayar da ƙwai?

5. Tana lissafa kilo nawa na abinci ya ba ka kilo ɗaya na nama? Abinci ne ke cin mafi yawan jari, nan riba take ɓuya.

6. Za ka iya kwashe bayananka zuwa Excel ranar da ka so barinta? In sun ce a'a, gaskiya ka kama gabanka.

7. Yaron gona zai iya cika ta a wayarsa? Manhajar da kai kaɗai ka iya, ranar da ka yi tafiya an gama.

Ga mai farawa, Google Sheets ya isa. KoboCollect kuma na karɓar bayanai ko babu intanet. In ka kai ga kafa injin haɗa abinci kana sayar wa wasu, ka duba ERPNext ko Odoo, dukansu suna da tsarin lambar zubi, amma sai ka nemi wanda ya iya saita su.

Shawarata, kar ka fara da sayen komai. Nemi littafi da maka. Duk buhun da ya shigo, rubuta kwanan wata da sunan mai kaya a jikinsa. Yi haka har buroila zubi ɗaya su fita, sati shida zuwa takwas ke nan. Sannan ka ɗauki littafin ka je wa mai tallar manhaja, ka ce ya shigar da bayananka a gabanka, ya amsa maka tambayar nan ta farko. In ya kasa, riƙe kuɗinka ka ƙara buhun masara busasshiya.