Sallamar Yaron Shago a New Bell: Zancen Kasuwa da Abin da Doka Ta Ce

Kalmar "sallama" fuska biyu gare ta a bakin 'yan kasuwar Marché Central da ke New Bell. Akwai wadda maigida ke yi wa yaronsa bayan shekaru na amana, ya ba shi jari, a shafa fatiha. Akwai kuma wadda yaro zai zo da safe ya tarar an canza kwaɗo, ƙanin maigida ya ce masa, "Alhaji ya ce ka ɗan huta tukuna." Ta biyun nan ce zance ya yi yawa a kanta a unguwannin Hausawan Douala, kuma yawancinsa shaci-faɗi ne.

Wanda ya fi yawo shi ne: tunda ba a rubuta komai ba, yaro ba shi da haƙƙi. Ba haka ba ne. Dokar ƙwadago ta Kamaru, mai lamba 92/007 ta ranar 14 ga Agusta, 1992, ta amince da yarjejeniyar baki, ta kuma yarda a kafa hujja da kowace irin shaida. Littafin da ake rubuta albashi, saƙon Orange Money na ƙarshen wata, maƙwabcin rumfa da ya ga yaron yana buɗe shago kullum, duk suna iya tsayawa. Muddin mutum na aiki ƙarƙashin umarnin wani ana biyansa, ma'aikaci ne.

Masu cewa maigida na da ikon rabuwa da ma'aikacinsa sun yi gaskiya, sai dai sun ci rabin zancen. Sashe na 34 ya ce a ba da sanarwa a rubuce, a faɗi dalili, a kuma ba da wa'adi, wanda a Douala kowa ke kira préavis. Ga ƙananan ma'aikata da masu aikin gida, wa'adin kwana 15 ne in ba a cika shekara ba, wata ɗaya daga shekara zuwa biyar, wata biyu in an haura haka. A cikin wa'adin, ma'aikaci na da kwana ɗaya kowane mako na neman wani aiki, ba tare da an taɓa albashinsa ba. Wannan kam da wuya a samu maigidan da ya san da shi.

Sai kuɗin sallama, wanda wasu ke ɗauka alheri ne. Wajibi ne a biya duk wanda aka sallama bayan ya kai shekara biyu yana aiki. A ɗauki mai karɓar sefa 60,000 a wata da ya yi shekara shida: kashi 20 cikin ɗari na albashin wata a kowace shekara ta biyar ɗin farko, kashi 25 a ta shida, jimla sefa 75,000, ban da kuɗin hutun da bai ci ba.

Batun sata fa? Gaskiya ne babban laifi na soke wa'adi da kuɗin sallama. Amma ba zargi kawai ba, domin in magana ta je kotu, maigida ne zai kawo hujja, alƙali kuma ya auna girman laifin. Ko ɓarawon ma sai an ba shi takardar shaidar aiki, kuma ba a rubuta abin da zai ɓata masa suna a ciki. Korar mace don tana da juna biyu kuwa doka ta hana.

Da yawa kan haƙura, suna tsoron kuɗin shari'a. Alhali kafin kotu sai an fara zuwa wajen sufeton ƙwadago ya gwada sulhu, tamkar yadda dattawan unguwa ke yi a ƙofar masallaci, sai dai nasa a rubuce yake. Shari'ar ƙwadago kyauta ce, kuma ma'aikaci na da shekara uku na neman albashin da aka riƙe masa, ko da an sa shi ya sa hannu cewa ya karɓi komai.