Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki

A Fagge, cikin Kano, kwana uku ake zaman makoki. Maza kan tabarmi a ƙofar gida, mata a ciki. Mai gaisuwa ya ce ya haƙuri, a amsa masa da godiya, a shafa fatiha, ya tashi wani ya zauna. Gidajen da suka riƙe tsohuwar al'ada na yin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a raba gumba da waina. Waɗanda suka bi koyarwar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, sun bar wannan. Matar mamaci kuwa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma.

A Sabon Gari, unguwar da Turawan mulki suka keɓe wa baƙi 'yan Kudu wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa, salon daban ne. Za ka ga hoton mamaci manne a bango da shekarunsa da sunan garinsu. 'Yan coci da 'yan ƙungiyar gari su kwana zaune suna waƙoƙin addini, a yi karo-karo, sannan sau da yawa, musamman wajen Ibo, a kai gawa ƙauyensu na asali.

Amma taro watsewa yake yi, ya bar mai rashi da tambayoyin da ba a furtawa gaban jama'a. Da na kai shi asibiti da wuri fa? Ya tafi yana fushi da ni? Ko da hannun wani a ciki? Wanda ya faɗi haka a zaman makoki, istigfari za a ce ya yi. Shi ya sa wasu ke sulalewa, ba tare da sanin kowa ba, su tafi wajen mai duba.

Shi malamin bugun ƙasa yashi mai laushi yake bazawa a gabansa. Ya tambayi sunan mai rashi da na mahaifiyarsa, sannan ya dangwala ɗigo da yatsa da sauri, layi-layi, ba ƙirge. Sai ya bi yana sokewa bibbiyu, a ƙarshen kowane layi ɗaya ya rage ko biyu. Layi huɗu ke ba da siffa guda. Daga siffofi huɗun farko, da ake kira iyaye, ake fitar da sauran har gidaje 16 su cika. Kowane gida da abin da ya shafa: na shida ciwo, na bakwai aure, na takwas mutuwa, na sha biyu maƙiya. Ilimin ramli ne na Larabawa, amma a Afirka ta Yamma siffofin sun samu sunaye irin su Adamu, Yusufu, Ayuba da Sulaimanu. Ƙarshen zaman kusan kullum sadaka ce: farin goro, ƙosai ga almajirai, wani lokaci zakara.

Maƙwabtan Sabon Gari ma da nasu ƙofofin. Bayarabe mai bin gargajiya na da babalawo, mai duban Ifa, wadda ita ma manyan siffofinta 16 ne, idan aka haɗa su su kai 256. Kirista kuma yana iya zuwa cocin masu fararen riguna, irin Cherubim and Seraphim da ta fara a Legas a 1925, inda mai wahayi zai faɗa masa abin da aka nuna masa. Turawa ma suna da katin tarot, guda 78, wanda ya soma a matsayin karta a Italiya a ƙarni na 15, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka mai da shi abin duba a Faransa. Yau a Amurka da Ingila akwai masu juya shi bayan rasuwa, ba don sanin gobe ba, sai don hoton ya buɗe musu baki su faɗi abin da ke cin su.

A ganina, abin da ke kai mutane gaban yashi ke nan: mai duba yana zama ya saurara, bai ce a yi shiru ba. Sai dai farashinsa na da tsada ƙwarai. Musulunci ya yi hani mai tsanani, domin hadisi ya zo cewa mai zuwa tambayar boka ba a karɓar sallarsa kwana arba'in, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki masu da'awar sanin gaibu ta zanen yashi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidan maƙiya. Da malam ya ce ya ga wata doguwar mace makusanciya, shi ke nan, kishiya ta shiga uku, ko suruka, ko tsohuwar maƙwabciya a ce mata mayya. Matar da ke takaba ta wayi gari dangin miji ba sa amsa gaisuwarta, marayu su taso ba sa cin abincin gidan baffansu, rabon gado ya ƙare a kotu, alhali ciwon da ya kashe mutumin hawan jini ne da aka daɗe ba a auna ba.